Sabuwar Salansa a Lungun Masu Tattabaru

Daidai faɗuwar rana, tattabarun Tsoho sun riga sun karyo za su dira a kan rufinsa, sai wata ƙara ta tashi daga lungu kamar an harba igwa. Tsoho yana riƙe da tutar kiransu, yana ji yana gani garken da ya shekara ashirin yana kiwo ya tarwatse a samaniyar Alƙahira. Suka yi shawagi sau ɗaya, suka sauka a rufin maƙwabcinsa, abokin gasarsa tun ƙuruciya. Dokar masu tattabaru kuwa ba ta jin magiya: wadda ta dira a rufinka ta zama taka.

Tsoho ya sauko daga hawa na biyar yana dafa gwiwa. A ƙofar gida ya tarar da autansa bisa babur yana murza totur, baƙin hayaƙi na turnuƙe shanyar mutane.

"Baba, ka ji sabuwar salansa? Yanzu ko mota ba ta kamo ni!"

"Gudun ya ƙaru?"

Autan ya sosa ƙeya. "To, bakanike ya ce sai injin ya saba."

Tsoho ya tofar da yawu. "Wato kuka kawai ka ƙara. Kai da ko shayi ba ka iya saya wa kanka, ina ka samo wannan ƙazanta?"

Autan ya washe baki, ya nuna rufin maƙwabci. "Kawu ne ya ba ni kyauta, Allah ya saka masa. Cewa ya yi in gwada ta daidai faɗuwar rana, wai lokacin inji ya fi shan iska."