Layin da Sista Ta Ƙara

Kowace Juma'a makarantar Katolikan da nake zuwa takan ba mu takarda mu kai gida, mai ɗauke da labarin mako: abin da muka karanta, wanda bai da lafiya, ranar wasanni. Abba yakan sa hannu ko dubawa bai yi ba.

Ina aji uku, wata Juma'a na tarar da Baffa, yayan Abba, zaune tare da shi a barandarmu ta Nassarawa. Baffa ne ya fizge takardar daga hannuna. A ƙasa Sista, shugabar makarantar, ta ƙara layi ɗaya da jan biro. Baffa ya fassara shi da ƙarfi: "'Yarku ta fi kowa murya a waƙar safe, mun sa ta a gaba."

"Waƙar wa?" ya tambaye ni. "Rera mana mu ji."

Na dubi Abba. Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, Turanci na kai ta ta koya," in ji Abba.

"Ai ta koya. Saura baftisma."

Ban rera ba. Ranar Litinin direba ya wuce da ni ta ƙofar makarantar bai tsaya ba, ya sauke ni a wata.

Baffa na daɗe da daina jin haushinsa. Abba ne nake riƙe da shi, domin har ya rasu bai taɓa tambayata abin da waƙar ta ce ba. Godiya ce ga Allah saboda ruwan sama.