Ranar da Baba Ya Rasa Alƙibla

Ina da shekara tara muka je Dublin bikin gama karatun yayana. A jirgi muka kwana, amma da safe Yaya ya dage sai mun ga gari. Haka muka yi ta binsa, Umma tana gyangyaɗi a tsaye.

Da rana ya ajiye mu a wani lambu, ya tafi sayo shayi. Baba ya dubi agogonsa, wanda bai sauya daga lokacin Makka ba, ya zaro sallaya. Sai ya tsaya cak. Babu kiran salla, babu rana, hadari ya rufe ko'ina. Mutumin da aka haifa a unguwar Tandabawi ta Makka, wanda bai taɓa tambayar kowa alƙibla ba, ya juya dama, ya juya hagu, yayyafi na jiƙa masa hula.

Ya sunkuyo ya ce, "Ya binti, ta ina gida yake?"

Ban sani ba. Na nuna wata bishiya don kawai ya daina juyawa, shi kuwa ya kabbarta.

Har Baba ya rasu ban iya gaya masa kintata na yi ba.