Kafinta da Littafin Lissafin 'Yarsa

Babu maigidana Malam a gidan nan yanzu, babu kuma mai duba littattafan yaran unguwa da jan biro. Shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da lissafi a firamare, ni kuwa a aji shida na tsaya, saboda haka ba zan iya yi wa ɗanki wannan aikin gida da kika kawo ba. Ko da zan iya ma, ba zan yi ba. Zauna dai, Maman Ukasha, in ba ki misalin da yake ba iyaye idan sun zo masa da irin wannan buƙata.

Wani kafinta ne yake da 'ya a aji shida, ba shi da burin da ya wuce ta ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata, wadda sau ɗaya ake yin ta a shekara. Shi bai yi boko ba, amma lissafi a kansa yake. Ka ce masa ga katako mai inci talatin da uku da kwata, a raba shi biyu, kafin ka rufe baki ya nuna maka inda zarto zai bi. Yarinyar kuwa wannan lissafi na rabi da kwata shi ya hana ta sakat. Kullum bayan la'asar sai ta zauna a bakin shagonsa, ta buɗe littafi a kan guntun katako, ta yi ta taunar fensir har idonta ya ciko. Uban ba ya iya kallon haka. Sai ya ce ta karanto masa tambayar, yana cikin gogar katako ya jefo mata amsa, ta rubuta. Kafin shayinsa ya huce an gama, ta tafi wasa. A ganinsa taimako ne, kamar ka kama wa mutum kaya ya ɗora a ka.

Malamar ajin tana da yara sun fi sittin, ba ta da halin tsayawa a kan kowa. Dabararta ita ce, idan jarrabawa ta rage wata biyu, sai ta tattara littattafan aikin gida ta kasa su kashi biyu. Waɗanda jan biro ya yi wa kaca-kaca, masu su za su riƙa tsayawa bayan an tashi, ta zauna da su ƙarƙashin darbejiya tana yanka lemo gida biyu, gida huɗu, har abin ya shiga kansu. Waɗanda littafinsu yake fes sai ta sallame su. Littafin 'yar kafinta shi ne a saman masu tsabta. Maƙwabcinsa tela kuwa tasa 'yar tana cikin masu tsayawa, kafinta ya samu abin tsokana. Duk lokacin da ya ga yarinyar ta dawo da rana tsaka sai ya leƙa shagon telan ya ce, "Taka har yanzu tana gindin darbejiya? Ko in yi mata benci ne?" Tela ba ya ko ɗaga kai daga keke, sai dai ya ce a bar ta ta sha ranarta.

Da sakamako ya fito, sunan 'yar tela yana jikin allo, na 'yar kafinta babu. Kafinta ya ɗauki littafin, ya ja 'yarsa har gaban malama, yana buɗe mata shafi bayan shafi, ko'ina maki ne cikakke da hannun malamar. Ya ce lallai an yi kuskure wajen duba takardu. Malamar ba ta yi musu da shi ba. Ta rubuta kwata uku a tara da rabi a kan allo, ta karanta a fili, ta miƙa wa yarinyar alli. Yarinyar ta tsaya tana juya alli a hannu. Sai ga murya daga bayanta, ta fito tun kafin mai ita ya ankara: "Ɗaya da kwata."

Malamar ta juyo ta dube shi. Ta ce, "Ashe kai nake ta ba maki, Baba. Ai da kai ka zo ka zauna jarrabawar." Sannan ta gaya masa cewa kuskuren yaro shi yake nuna mata inda ke masa ciwo, littafin da babu kuskure kuwa ce mata yake a bar wannan, lafiyarsa ƙalau. Kafinta ya naɗe littafin ya sa a aljihu. Yarinyar ta maimaita aji shida tare da ƙannen ƙawayenta. Sati biyu bayan fitowar sakamako, tela ya shigo shagon, ya ce a yi wa 'yarsa akwatin katako na tafiya makaranta, mai ƙafa biyu da rabi. Kafinta ya auna, ya yanka, bai kuskure ko inci ɗaya ba.

A nan Malam yake tsayawa ya ce, shi ya sa Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

To, mayar wa Ukasha littafinsa. Ya rubuta abin da ya sani, ko daidai ko ba daidai ba, ya kai wa malaminsa a haka. Ke da duk wanda wannan magana ta isa gare shi, ku taya ni roƙo: Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya buɗe wa yaranmu basira. Ku ce amin.