Benen da Ya Zauna a Kan Gammo

Wai an yi wani magini a wani gari na cikin duwatsu, inda ƙasa kan girgiza ba sallama. Da ya tashi gina wa iyalinsa bene, sai ya haƙa tushe har ya taɓo dutse, ya ɗaure ginin da rodi da siminti tamau, ya ce ko ƙasa ta haukace ba mai raba su. Ai kuwa ba su rabu ba. Ranar da ta motsa yana kasuwa, duk jijjigar da ta yi sai da ginin ya sha, ya tsage, ya rufta da matarsa a ciki. Bayan an binne ta, abin da ya rage masa nata gammonta ne kawai. Ya cusa shi cikin riga, bai nuna wa kowa ba. Mutane suka daina ba shi aiki. Surukarsa ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Kullum yana zaune shi kaɗai da kwanon ruwa a gabansa, yana kallo ko ruwan zai motsa.

Rannan yana jujjuya gammon a hannu, sai ya tuna ta da tulu a ka. Takan yi tuntuɓe, kai ya kaɗa, amma tulun ya ɗan gyaɗa ya koma daidai, don gammo ya shanye abin. To, sai ya sake gini, mai tsawo ma fiye da na farko. Wannan karon bai ɗaure shi da ƙasa ba. Kowane ginshiƙi ya ɗora shi a kan ƙaton gammo na roba da ƙarfe, ya bar fili kewaye da tushen don ginin ya sami wurin matsawa. Mutane suka ce matsoracin gida ne, ya ƙi kama ƙasa, ba mai kai 'ya'yansa ciki. Shi kaɗai ya tare can sama, ba ya jin komai sai takun kansa a matakala.

Wata rana da hantsi ƙasa ta sake motsawa. Katangun unguwa suka yi ta zubewa. Benen ya matsa baya, ya dawo, ya sake matsawa a hankali, kamar mai lallashin goyo. Ruwan kwano ya kaɗa, bai zuba ba. Ya juya da sauri ya ce, "Kin gani?" Babu kowa a ɗakin.

Can sai ya ji ana buga ƙofar ƙasa. Ya sauko, ashe surukarsa ce, ɗakinta ya rushe, jikokinta na riƙe da zaninta. Ba ta dube shi ba.

Ta ce, "Akwai ɗaki?"

Ya matsa mata hanya.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.