Garar Rumbun Badamasi

Ƙit, ƙit, ƙit. Haka muka riƙa ji bayan isha'i, ta wajen katangar da ta raba ni da maƙwabcina Badamasi a Kurfi. Ni daɗi ƙarar ta yi mini, kamar taurari na taunar aya. Shi kuwa sarkin sani ya rantse gara ce ta shiga rumbunsa.

Da safe ya fasa rumbun da gatari. Gero lafiya lau, ko gara ɗaya babu.

Sai ga jikata Raihana, ɗalibar jami'a a Dutsin-Ma, ɗauke da kwamfuta.

"Kaka, ƙarar nan ta aikin makarantata ce fa, da nake yi jiya da dare a gindin katanga. Kwamfuta ba ta zana abu mai lanƙwasa sai ta yayyanka shi ƙanana, masu kusurwa uku-uku. Duk yanka ɗaya sai ta kira wani umarni da na rubuta, shi kuma ya yi ƙit, in san ta kira shi."

Ta juyo mana da zanen. Rumbun Badamasi ne tsaf, har da jinkarsa.

Badamasi ya dubi geronsa a fili, ya dubi hadarin da ya taso daga gabas.

"'Yar nan, wannan naki ana iya zuba gero a ciki?"