Wutar Gidan Baba Kyari

Ƙwan lantarkin ya sake ƙiftawa sau biyu, Gwadabe mai gyaran wuta ya dafe kai. Karo na huɗu ke nan Baba Kyari yana aikowa a kira shi da sassafe, kuma kullum sai ranar da ake ɗibar sababbin sojoji zuwa yaƙin Biyafara. Ga shi dattijon ne ya yanka masa ragon suna, duk unguwar Zaitawa an san ba zai iya ce masa "ina zuwa" ba.

"Baba, na canja fis, na canja waya, har soket na girgiza ko zan sa wutar ta ƙifta da kaina, ta ƙi," in ji Gwadabe. "Motar soja kuwa ƙarfe goma za ta tashi, kuma yau nake so a ɗauke ni."

"Ƙara dubawa dai, ɗana, kada gobara ta cinye mu."

Gwadabe ya yi kamar zai hau soro duba waya, sai ya lallaɓo ta zaure, inda akwatin fis yake. Wa zai gani? Mahaifiyarsa, Inna Luba, ta yi ɗage tana zungurar akwatin da muciya.

"Inna!"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ɗaga murya: "Baba Kyari, ƙarfe nawa?"

"Goma da kwata, Luba!"

Ta gyara mayafi, ta saɓa muciyarta. "To madalla, ka gano matsalar. Mako mai zuwa kuma ta gidan liman ce za ta lalace."