Fuskar da Kyamarar Baba Ta Sani

A gidan nan akwai wanda ya fifita ɗiya a kan ɗiya, bai tsaya nan ba sai da ya koya wa inji son kai. Ba zan kama suna ba tukuna. Ku dai biyo ni.

Ranar da aka sallamo Baba mai hoto daga asibiti, ɓarin jikinsa a shanye, magana ta ƙi fita, ƙanwarsa Gwaggo ta ce a yi hoton iyali a shagonsa. Yaya, babbar 'yarsa, ita ta kafa kyamara. Shekara goma sha ɗaya rabonta da gidan. Cikin fushi ta tafi, don Baba ya hana ta taɓa kayan aikinsa, ya ce karatu za ta yi. Can wani gari ta koya wa kanta sana'ar da wata tsohuwar kyamara mai madubi. Yanzu ta yi jiki, ta sa tabarau, ta dawo ta tarar da Auta, wadda ta bari a firamare, ita ke riƙe da shago, da sabuwar kyamarar Baba marar madubi rataye a wuyanta.

Abin da aka hana babba, an miƙa wa ƙarama da hannu biyu. Yaya ta haɗiye, amma bai wuce maƙogwaro ba.

Ta saita wa sabuwar kyamarar lokacin da za ta ɗauka da kanta, ta ruga ta zauna kusa da kujerar Baba. Auta na tsaye a baya. Ƙyas! Aka duba allo. Auta ta fito tar, har gashin idonta ana ƙirgawa. Yaya kuwa dishi-dishi, kamar an leƙo ta ta gilashin da ya yi gumi.

Ta goge gilashin kyamara. Ta cire shi ta sa wani. Ta zare batir ta mayar. Ta tura Auta can gefe, bayan Gwaggo, wadda har yau in za ta kira Auta sai ta fara da sunan Yaya. Duk a banza. Akwai wani ɗan koren akwati da ke yawo a allon yana neman ido. Sai ya tsallake Baba, ya tsallake Yaya da ke gaba ƙiri-ƙiri, ya je ya lafe a idon Auta kamar kyanwa ta ga mai ba ta abinci.

Sau tara. Ta ƙirga.

Ta juyo kan Auta. "Me kika yi mata?"

"Wallahi Yaya haka take tun da ya saye ta. Ni ma sai na fita daga gabanta take kula masu zuwa hoto."

"Sarauniya ke nan. Har inji ya san 'yar gaban goshi."

Baba ya motsa hannunsa mai lafiya yana nuna kyamarar, bakinsa na rawa. Yaya ba ta ko dube shi ba. Ta suri kyamara ta tsallaka titi zuwa wurin mai gyara, Auta na binta da silifa wari-da-wari.

Mai gyara tsohon maƙwabci ne, teburinsa cike da ƙananan sukurori da gawarwakin wayoyi. Ya kunna, ya gwada da fuskarsa, ya gwada da ta Yaya, ya ce lafiyarta ƙalau. Auta na shigowa gaban kyamarar, koren akwati ya yi tsalle ya koma kanta.

"Af," in ji shi. "Ba lalacewa ta yi ba, biyayya take yi. Irin waɗannan ana nuna musu fuskar mutum su haddace. Ko cikin mutum ɗari ne, shi za su fara nema. Wani ya ba ta fuska."

"Wa ya iya wannan a shagon?" in ji Yaya.

Auta ta ce ita ba ta taɓa shiga wurin da ake saita wannan ba. Baba ne kaɗai ke zama da littafin kyamarar, ya sa tabarau biyu yana bin layi da yatsa. In ba aiki ma, kunna ta yake ya bar ta tana kallon ƙofa har batir ya mutu.

Yaya ta yi wata dariya marar daɗi. Dama Gwaggo ta roƙe ta ta zauna jinya ko na wata uku ne, har ta fara saukowa. Yanzu Yaya ta ce wa mai gyara, "Buɗe min. In na ga fuskarta a ciki, jakata na nan ban kwance ba, motar ƙarfe huɗu ba ta tashi ba. Wadda aka haddace ta yi jinyar."

Mai gyara ya yi ta latse-latse har ya kai wurin. Gurbi takwas ne, bakwai babu kowa. A na farko, wata budurwa ce siririya tana dariya.

"Ga ta nan!" Yaya ta buga tebur, sukurori suka watse. "Sai a ce min sharri nake yi!"

Mai gyara ya ƙara girman hoton. Ya ce launin ya koɗe, ga kuma ƙyallin gilashi a gefe. Ba mutum aka tsayar aka ɗauka ba, tsohon kati ne aka sa a gaban kyamara.

Auta ta matso ta ƙura ido. Ta daɗe. Sannan a hankali ta ce, "Yaya, ai ni ba ni da wushirya."

Yaya ce, tana da shekara ashirin da biyu, a hoto na ƙarshe da Baba ya yi mata kafin ta bar gida, kuma ita ce kyamarar ke nema a fuskar ƙanwar da ta gaji kamanninta. Maganata ta farko ban janye ba: tsohon nan ya fifita ɗiya a kan ɗiya. Wanda ya isa ya fito ya musa.